Allon Minti Ashirin da Sunan Jikan Mode

Jama'a, yau da ciwon ƙugu nake muku rubutu, kuma ba noma na yi ba, rakiya na yi. Maƙwabcina Mode, telan nan na kasuwar Bodinga mai ɗora tabarau a kan karan hanci, shi ya buga mini ƙofa bayan sallar asuba ya ce in taka masa zuwa Shagari, yau sunan jikansa na fari. Na ce to bari in karya. Ya ce wace irin karyawa a tafiyar minti ashirin? A can za mu sha kunu da zafinsa. Wallahi ban sa komai a bakina ba sai da aka kira azahar, shi ma ragowar kunu ne da ya riga ya sandare a ƙwarya.

Wanda bai bi ta wajenmu kwanan nan ba zai ce ina Mode ya samo minti ashirin. To, ci gaba ne ya iso. An kafa mana wani tafkeken allo a bakin gari, mai fitilu, mai cin hasken rana, yana walƙiya da jan rubutu: SHAGARI MINTI 20. Da safe haka yake cewa, da yamma haka. Ranar kasuwa, da motocin albasa ke cika titi, haka yake cewa. Ranar da ruwa ya cinye kwalbati muka yini muna tura motoci, bai canja ko wasali ba. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin ma'aikacin da ya kai allon nan tsayawa kan magana ɗaya ba, kuma ina ganin ya cancanci lambar yabo.

Ranar buɗe shi an yi biki na gani na faɗa. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an kawo makaɗa. Mai Girma Sarkin Awon Hanya, Garkuwan Matafiya, Allah ya ƙara masa lafiya da man mota, shi da kansa ya ja ƙyallen da aka lulluɓe allon da shi. To ƙyallen nan Mode ne ya ɗinka, kore da fari, har da ɗan surfani a gefe wanda ba wanda ya sa shi. Tun daga ranar ya daina cewa allon hukuma, sai dai ka ji ya ce allonmu. In direba ya zagi allon a tasha, sai ya ɓata rai ya ce mutanenmu ba su san gata ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da Mode ya ɗauko zai kai Shagari, don ba rago ba ne, ba goro ba ne. Waɗannan ya aika tun farkon mako. Suna ya ɗauko. A gidansu kakan wajen uba shi ke zaɓa wa jikan fari suna, kuma ba ya furta shi ga kowa sai an zauna kan tabarma liman ya juyo ya tambaya. Mode kuwa tun ranar da aka binne mahaifinsa, marigayi Malam Haliru, ya ɗauki alkawari cewa jikansa na fari namiji shi zai ci sunan tsoho. Ɗansa namiji guda ne, Lukman, wanda ke aikin walda a Shagari. Shekara da shekaru Mode na jira, gemunsa ya yi fari fat, tari ya samu wurin zama a ƙirjinsa, sai bana Allah ya sauki matar Lukman lafiya aka samu namiji. Kowa a unguwarmu ya san sunan da ke bakinsa, amma ba mai ikon faɗa sai shi.

Sai dai akwai wani mai jiran gado a gefe. Ladan, mahaifin maijego, dillalin dabbobi ne mai bakin zuma, kuma shi ma yana da nasa marigayin uban da bai samu takwara ba. Al'ada ba ta ba shi hurumi ba matuƙar Mode na kan tabarma. In kuwa babu Mode, liman ba zai tashi da jariri ba suna ba, dole ya juya ga dattijon da ke kusa.

Shatu, matar Mode, ta hango wannan tun kafin ta wuce wajen maijego. A ƙofar gida na ji su da kunnena.

"Malam, ka taho mu tahi tare ka kwana can," in ji ta.

"In kwana ina? Lukman ɗaki guda gare shi. In kwana zauren Ladan, shi tashi da sahe shi ba gari labarin minsharina?"

"To ka kwana masallaci."

"Ke Shatu, zamani ya wuce ki. Allonmu ya ce minti ashirin. In niy yi asuba nan, kahin liman shi gama lazimi ina kan tabarma."

Ta dube shi, ta gyara ƙullin kayanta, ta ce Allah shi sa. Irin "Allah shi sa" ɗin nan da mata ke ajiye wa mutum don amfanin gaba.

Mun samu motar Altine a tasha, kuma abin mamaki ta cika nan da nan, har na fara zargin ko allon nan gaskiya gare shi. Mode ya sha babbar riga fara ƙal, ya zauna gaba, ya sa hula ta tsaya. Da muka zo wucewa ta ƙarƙashin allon ya ɗaga masa hannu. Na lura kuma an cike ramukan titi da jar ƙasa, sabuwa fil, har da sawun shebur. Masu shingen nan da kullum sai an tsaya an yi musu gaisuwar hannu, yau babu su babu katakonsu mai ƙusa. Mode ya waiwayo ya ce mini, "Ka gani? Ku rubuta wanga, ba kullum tsegumi ba." Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza.

Bai rufe baki ba muka tarar da igiya an gitta ta a titi, an ɗaura a jikin durom biyu. Gabanmu motoci sun yi layi. Wani bawan Allah mai rigar lemo da oba-oba, wayar nan ta jami'an tsaro, a hannu yana kai da kawowa, yana magana da ita kamar akwai mai saurare.

Altine ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, lahiya?"

"Lahiya lau. Ku kashe mota. Yau za a gwada allo."

Ashe, jama'a, ƙorafinku ya isa sama. An ce wasu marasa godiya suna yaɗa cewa allon na ƙarya, shi ne aka naɗa Babban Kwamitin Tabbatar da Gaskiyar Allo, mai ƙananan kwamitoci a cikinsa kamar kaza da 'ya'yanta. Yau ne za su bi hanyar da agogo a hannu, daga Bodinga zuwa Shagari, su ga ko minti ashirin ɗin ta cika. Don haka aka rufe titin tun duku-duku, aka ce Fulani su janye shanunsu, aka ce masu amalanke su huta.

Mode ya fito a natse. Ya san manya, ai ya yi musu ɗinki. Ya tattara riga ya ɗan rusuna ya fara jero gaisuwa: an kwana lahiya, ina gajiya, ina aiki, ina iyali, ina Mai Girma, ina muka ji da hidimar jama'a. Mai oba-oba ya amsa duka bai bar ko ɗaya ba, don shi ma ɗan gida ne mai tarbiyya. Sannan Mode ya shigo da bukata.

"Ranka shi daɗe, suna gare ni Shagari, jikana na hwari."

"Masha Allah! Allah shi raya, shi sa mahaddaci na."

"Amin. To a ɗan sassauta igiyar mu wuce, sunan na bakina."

"Ayya Baba, in nib bar ku kunka hau titi, kun ɓata awo. Hanya a ka son aunawa, ba mutane ba."

A nan ne bakina ya ƙi zama. Na ce, "Yallaɓai, to in an gama awon, wa zai riƙa bin hanyar? Ba mu ba ne?" Ya ƙare mini kallo daga hula har takalmi, ya ce wannan tambaya ba ta ofishinsu ba ce, in rubuta in kai wa ƙaramin kwamitin karɓar tambayoyi. Na ce ina ofishinsu yake? Ya ce ba a kai ga ba su ofis ba tukuna.

Mode ya jawo makaminsa na ƙarshe. Ya ce, "Ɗana, ka san ƙyallen da anka buɗe allon ga da shi? Ni niɗ ɗinka shi." Mai oba-oba ya washe baki, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce ashe Baba na gida ne, to ai shi ya fi kowa cancantar ya yi haƙuri a wanke allonsa daga zargi. Ya sa aka kawo masa benci. Kun ji gatan da ɗinkin ƙyalle ya jawo wa maƙwabcina.

Muka zauna. Rana ta leƙo, ta fito, ta fara cizo. Na tambaya yaushe Mai Girma zai iso, aka ce yana hanya. Wannan "yana hanya" ni da ku mun san ta, tana iya nufin yana banɗaki, tana iya nufin bai farka ba. Altine ya ce ko ya zagaya ta cikin gonaki? Aka ce duk wanda ya tayar da ƙura kusa da titi ya shiga cikin awo. Wata mai tallan nono da ke bayanmu ta sauke ƙwaryarta ta ce tunda dai zai yi tsami, gara ya yi tsami tana zaune.

Na matsa kusa da Mode na ce, "Maƙwabci, ga waya a aljihunka. Ka kira ka faɗi sunan nan mu huta."

Ya zabura. "Sunan tsohona ta waya? Kamar mai odar yadi? Ba a raɗa suna ta waya. Liman ya san ni, shina jirana."

Liman kuwa na san yana da wani sunan a Dandin Mahe, kuma ba ya wasa da hantsi. Na gaya masa. Ya yi kamar bai ji ba, amma na ga ya fara satar kallon rana. Can da inuwar bencin ta gudu ta bar mu, sai ya zaro wayar a hankali ya juya mini baya ya kira Lukman. A kashe. Ai dole ta zama a kashe. Wane uba ne ke zama a bainar jama'a ranar sunan ɗan fari? Lukman na can ya ɓuya a shagon abokinsa saboda kunya, ya kashe waya don kada abokai su ishe shi da tsiya. Tarbiyyar da Mode ya ba shi ce, kuma ya riƙe ta da kyau.

Ya haɗiye girman kai ya kira Ladan. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya sake kira, ta sake gajiya. Daga baya Ladan ya rantse mana cewa ya ji tana motsi a aljihu, amma shi ba ya amsa waya a gaban malamai, rashin ladabi ne. Mutumin da na taɓa gani yana cinikin bijimi ta waya a bakin maƙabarta!

Na ce, "Saura Shatu. Tana cikin gida, ta aika a gaya wa liman ya dakata."

Mode ya dubi wayar, ya dubi titi. Na san abin da ke ransa. Kiran Shatu na nufin karɓar "Allah shi sa" ɗin nan da ribarta. Ya ce bari dai a ɗan ƙara, ga alama sun kusa, ai da an kwance igiya minti ashirin ce. Jama'a, har a lokacin bai cire rai da allon ba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, don tsoho ne da ya yarda da abin da aka rubuta da fitila.

Sai ga jiniya. Mai oba-oba ya ƙame. Motoci suka keto, baƙaƙe masu baƙin gilashi, na gaba na kuka na baya na amsawa. Akwai motar masu agogo, da motar masu duba masu agogo, da motar masu ɗaukar hoto, da wata da aka ce ta abincin kwamiti ce. Suka wuce fuu, suka kwashe jar ƙasar da aka cike ramuka da ita suka watsa mana. Farar rigar Mode ta koma ruwan goro. Bai ko kakkaɓe ba, ya ruga mota yana cewa Altine tayar, tayar!

Igiya ba ta motsa ba. Mai oba-oba ya ce a yi haƙuri, awo ɗaya ba ya zama hujja, sai sun dawo sun auna ta dawowa, don kada a ce an yi son kai.

A nan Mode ya kira Shatu. Bugu ɗaya ta ɗauka, kamar dama wayar na tafin hannunta. Ya buɗe baki ya ce, "Shatu, maza ki aika wurin liman..." Bai ƙarasa ba. Wayar tasa irin mai amon nan ce, duk wanda ke kusa ya ji. Guɗa ce ta fara tashi, sannan muryar maroƙi ta biyo baya tana ratsa gida: an raɗa wa yaro suna Abdulaziz, takwaran mahaifin Alhaji Ladan, Allah shi raya Abdulaziz!

Shatu ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba. Da ma ta faɗa ɗin, da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Malam, liman ya jira har ya gaji. Ku taho a hankali, ba sauran sauri."

Mode ya koma kan bencinsa ya zauna. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Mai nono ta ce, "Sannu Baba." Mai oba-oba ma ya matso ya ce Allah shi raya, ai duk suna suna ne.

Sai da rana ta take tsaka aka kwance igiya. Motocin da aka tara tun asuba suka afka titi lokaci guda, masu zuwa da masu dawowa, aka cushe a kwalbatin nan da kuka sani. Ramuka sun dawo bakin aiki, masu shinge ma sun dawo da katakonsu, har suna haɗa gaisuwar safe da ta rana. Muna cikin wannan tafiyar hawainiya Altine ya kunna rediyo, sai ga sanarwa. Kwamiti na farin cikin shaida wa jama'a cewa bincike ya wanke allo tas. Tawagar ta isa Shagari har da ragowar mintoci a hannu, saboda haka ana duba yiwuwar rage adadin da ke jikin allon don ya dace da gaskiya. An kuma gode wa matafiya bisa haɗin kan da suka bayar. Altine ya miƙa hannu zai ƙara murya, ya dubi Mode, ya kashe.

Mun isa an naɗe tabarmi. Ladan ya tarye mu a zaure da fara'a har kunne, yana ta sannu da hanya, sannu da rana, ai mun so ku iso, liman ne ya matsa, ni kuwa da anka tambaye ni sai nir rasa abin cewa, sunan tsoho ɗai yaz zo mini. Mode ya amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, bai rage ko guda ba. Ya ce suna mai kyau ne, Allah shi jiƙan mai shi. Na san abin da faɗin haka ya ci masa.

Nana Hauwa ungozoma ta fito da jaririn a naɗe cikin zane ta miƙa masa. Na zaci zai yi irin wasan kakanni, ya ce ga wanda ya zo ƙwace masa mata. Bai yi ba. Ya rungume yaron a jikin rigarsa mai ƙura, ya sunkuya ya kai baki daidai kunnensa, ya faɗi abin da ya ɗauko tun daga Bodinga, a hankali, yadda ba wanda ya ji sai su biyu. Yaron ya yi miƙa ya ci gaba da barcinsa. Ni kam na juya ina karanta bangon zaure, don idona ya kawo ruwa.

Nana Hauwa ta ce, "Haba Mode, kak ka sa wa ranka. Yaran ga ƙuruciya gare su. Nan da shekara biyu in Allah ya so ka dawo ka raɗa naka."

Mode ya yi tari, irin mai tsawon nan, sai da ya lafa sannan ya ɗago ya ce, "Shekara biyun mutane, ko ta allo?"

Zaure ya kwashe da dariya, har da Ladan. Mode ya miƙa mata yaron ya nemi buta.

Saboda haka, ranka ya daɗe Sarkin Awon Hanya, kada wani ya kai maka gulmar cewa mun raina aikinka. Mun shaida allo ba ya ƙarya, mu ne muke tare masa hanya. Roƙonmu guda ne, mu talakawan da ke tsakanin Bodinga da Shagari. Duk ranar da za a sake fitowa gwada gaskiyarsa, a taimaka a sanar da mu wata tara kafin nan, mu san yadda za mu tsara haihuwarmu.